Daula Ɗaya, 'Ya'yan Sarki Huɗu: Nazarin Yadda Yariman Amasya Ya Sake Haɗa Gidan Usman

Matsalar

Ranar 28 ga Yuli 1402, a filin Cubuk da ke arewa da Ankara, wani yarima da bai cika shekara 20 ba ya janye daga fagen fama da ragowar mahayansa, ya kama hanyar Amasya, garin da mahaifinsa ya ba shi riƙo. Kafin gari ya waye mahaifin nasa, Sultan Bayazid na Ɗaya, yana hannun Taimur, sarkin Samarƙand mai cin ƙasashe, runduna ta watse, daular da aka yi kimanin shekara 100 ana ginawa ta wayi gari ba mai ita. Yariman shi ne Muhammad, wanda Turkawa ke kira Mehmed Celebi. Daular kuwa ita ce Usmaniyya ta Turkawa, mai ɗauke da sunan kakansu Usman ɗan Ertugrul, kada a haɗa ta da ta Sakkwato da mu ma kan kira da wannan suna.

Abin da ya tarar a gabansa shi ne 'yan'uwa masu neman abin da yake nema, biyu daga ciki sun girme shi, ga ƙasa da ruwa ya raba biyu, Anatoliya a Asiya da Rumeli a Turai, mashigin da ke tsakani kuma ba ya hannunsa. Shekara 11 ya yi kafin ya zama sarki shi kaɗai. Turkawa na kiran waɗannan shekaru Fetret, kalmar Larabcin nan da muke ji a bakin malamai idan suna maganar tazarar da ke tsakanin manzo da manzo.

Asalin ciwon, 1389 zuwa 1402

Bayazid ya hau mulki a 1389 a filin yaƙin Kosobo, inda aka kashe mahaifinsa Murad na Ɗaya, kuma tun a nan aka kashe ɗan'uwansa Yakubu don kada a yi jayayya. Ana masa laƙabi da Yildirim, wato tsawa, saboda saurinsa. A 1390 ya haɗiye masarautun Turkawa na yammacin Anatoliya: Aydin, Saruhan, Menteshe da Germiyan. Daga 1394 ya yi wa Kustantiniyya, babban birnin Rumawa, Istanbul ta yau, ƙawanya. A 1396 ya murƙushe rundunar haɗin gwiwar Kiristocin Turai a Nikopolis, bakin kogin Danub. Kafin 1398 ta ƙare Karaman da Sibas ma sun shiga hannunsa.

Wannan sauri ya bar rauni biyu. Na farko, sarakunan Musulmin da ya tuɓe da yawansu suna raye, sun gudu gabas sun fake wurin Taimur, shi kuma ya kwashe baradensu ya zuba cikin rundunarsa. Na biyu ya fi daɗewa a gidan: babu wata doka da ta ce ɗan fari ne magaji. A al'adar Turkawa duk ɗan sarki yana da haƙƙi daidai da na ɗan'uwansa. Kowane yarima akan tura shi lardi da mai renonsa, wanda suke kira lala, da fadawansa da dakarunsa, ran da uba ya faɗi kuma wanda Allah ya ba nasara shi ne sarki. Muddin uban na da rai tsarin horo ne mai kyau. Ba a taɓa gwada shi ba a yanayin da uban ke tsare a hannun abokin gaba, 'ya'ya kuma kowa na da runduna.

Taimur ya riga ya ci Delhi a 1398, ya rushe Sibas a 1400, ya bi ta Halab da Dimashƙa da Bagadaza. A Ankara shi ya riga kama wuraren ruwa, mutanen Bayazid suka iso a galabaice cikin zafin Yuli. Da aka gwabza, Tatar da ke ɓangaren Bayazid suka juya, baraden masarautun Anatoliya kuma suka hango tutocin tsofaffin iyayen gidansu a ɗaya gefen suka koma can. Waɗanda suka tsaya har ƙarshe su ne Yeniceri, bayin sarki, da Sabiyawan Stefan Lazarebic, ɗan'uwan matar Bayazid.

Watsewa, 1402 zuwa 1403

Taimur bai zo don ya zauna ba. Jikansa ya wawushe baitulmalin Bursa, shi kuma ya mayar wa kowane tuɓaɓɓen sarki ƙasarsa, ya ƙwace Izmir daga mayaƙan Kirista na tsibirin Rodos a Disamba 1402. Bayazid ya rasu a tsare a Akshehir a Maris 1403. A shekarar Taimur ya juya gabas, ya mutu a Otrar a Fabrairu 1405 yana kan hanyar yaƙar Sin. Ya bar gidan Usman da rai, amma a gutsuttsure, kowane yarima na riƙe da yankinsa da sunan bara ne na Taimur.

Sulaiman, babbansu, shi ya kwashi kaso mai tsoka. Ya tsere daga Ankara tare da babban waziri Candarli Ali Pasha, ya tsallaka Turai ya zauna Edirne. Rumeli ba ta ga ko dokin Taimur ɗaya ba, harajinta da mayaƙanta suna nan yadda suke. Isa ya kama Bursa, tsohuwar hedikwata. Musa an kama shi tare da uban, daga baya aka sake shi ya zauna hannun sarkin Germiyan. Mustafa an tafi da shi Samarƙand.

Don ya samu bayansa ya yi sanyi, Sulaiman ya ƙulla yarjejeniyar Gelibolu a farkon 1403 da Rumawan Kustantiniyya da biranen Italiya na Benis da Jenowa da mayaƙan Rodos. Ya mayar wa Rumawa Tasalonika da wani dogon yanki na gaɓar Bahar Aswad, ya yafe musu harajin da suke biyan mahaifinsa, ya kuma kira Sarkin Rum uba. Ya samu zaman lafiyar da yake so. Sai dai sarakunan iyaka na Rumeli, irin su Ebrenos da gidan Mihal, waɗanda arzikinsu da na mahara da ke bin su ya dogara ga kai hari ƙasashen Kirista, ba su ga abin murna a ciki ba.

Muhammad ya fara daga ƙasa. A kewayen Amasya da Tokat shugabannin Turkawa makiyaya sun miƙe, wasu ma da takardar Taimur a hannu, kowa na cewa yankin nasa ne. Shi da lalansa Bayazid Pasha suka bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi caffa a bar masa matsayinsa a sa shi cikin runduna. Da Taimur ya kira shi bai je da kansa ba, ya aika manzo. Amma da ya buga kuɗin azurfa, sai ya sa sunan Taimur tare da nasa. Ya kuma auri 'yar sarkin Dulkadir, masarautar da ke kudu maso gabas da shi, mai yawan mahaya. Wannan aure zai yi rana bayan shekara 10.

Gwaji na farko: tayin rabo da yaƙin Ulubad, 1403

Abin da Muhammad ya fara gwadawa a kan ɗan'uwa shi ne sulhu. Ya aika wa Isa cewa su raba Anatoliya. Isa ya ƙi, hujjarsa ita ce shi ne babba. Suka haɗu a Ulubad, yamma da Bursa, a bazarar 1403, Muhammad ya yi rinjaye, Isa ya gudu Kustantiniyya.

Da shigarsa Bursa ya yi wani abu da ya fi yaƙin kansa nauyi a idon jama'a. Ya karɓo gawar mahaifinsa daga Germiyan, tare da ƙaninsa Musa, ya binne ta a Bursa da cikakkiyar karramawa ta sarauta. Ɗan da ya binne uba ya nuna wa kowa wane ne magaji, ko da bai furta ba. Isa ya sake dawowa da goyon bayan Sulaiman, ya yi ta neman abokai cikin sarakunan Anatoliya, ana kora shi, har aka rutsa shi a gidan wanka a Eskishehir aka shaƙe shi. Saura uku.

Gwaji na biyu: fito-na-fito da Sulaiman, 1404 zuwa 1409

Nasarar ba ta daɗe ba. Sulaiman ya ga ƙaninsa na neman zama sarkin Anatoliya, ya tsallako da rundunar Rumeli, ya karɓe Bursa, ya karɓe Ankara. Muhammad bai tsaya a yi ta ta ƙare ba, ya koma Amasya da Tokat. Duk abin da ya samu a yamma ya tafi cikin 'yan watanni.

Shekaru kusan biyar aka yi ana kallon kallo. Muhammad ya taɓa yunƙurowa har Yenishehir kusa da Bursa, amma Ali Pasha, tsohon gogaggen waziri, ya jefa masa shakkar cewa manyan mutanensa na shirin bashe shi, sai ya janye ba tare da an yi wani babban karo ba. Ya nemi haɗa kai da Karaman, abin bai kai ga korar Sulaiman ba. Shi ma Sulaiman ya kasa shiga duwatsun Amasya ya gama da shi. Garin na cikin kwazazzabo ne a bakin kogin Yeshilirmak, da ganuwa a kan dutse, mutanen yankin kuma ba su saki yarimansu ba ko da yake a lokacin shi ne mai rauni. Rasuwar Ali Pasha a 1406 ta rage wa Sulaiman kai mai tunani, amma ba ta rage masa dakaru ba. Lissafin a fili yake: duk wanda ke da Rumeli ya fi wanda ba shi da ita mutane da kuɗi, kuma ba a cin sa da yaƙi a Anatoliya.

Gwaji na uku: a kunna wuta a bayan gida, 1409 zuwa 1411

Tunda ƙarfin Sulaiman daga Rumeli yake, Muhammad ya yanke shawarar taɓa Rumelin. Makamin da ke hannunsa shi ne Musa. A 1409 ya sake shi, bisa alkawarin cewa idan ya ci ƙasar za a yi huɗuba a buga kuɗi da sunan Muhammad. Musa ya bi ta Sinop, tashar jiragen sarki Isfandiyar, ya ƙetare Bahar Aswad zuwa Walakiya, a Romaniya ta yau. Sarkin can, Mirca, wanda ba ya ƙaunar ganin Sulaiman ya yi ƙarfi, ya ba shi 'yarsa da mayaƙa. Mahara da ƙananan barade da zaman lafiyar Sulaiman ta hana wa ganima suka yi ta kwarara wurinsa.

Dabarar ta ci nan take. Sulaiman ya bar Anatoliya a guje a 1410, Rumawa suka tsallakar da shi, Muhammad kuma ya koma Ankara da Bursa kusan ba tare da zare takobi ba. A Turai Sulaiman ya doke Musa sau biyu, a Kosmidiyon, bakin ganuwar Kustantiniyya, ranar 15 ga Yuni 1410, da kuma kusa da Edirne a watan Yuli. Sai ya saki jiki. Marubutan tarihin Usmaniyya sun ce ya duƙufa ga shaye-shaye a gidan wanka, har da aka zo masa da labarin Musa na ƙofar gari ya wulaƙanta manyan da suka kawo labarin. Ya kamata a tuna cewa waɗannan marubuta a fadar zuriyar Muhammad suka ci abinci. Abin da ba a jayayya a kai shi ne manyan sun watse sun bar shi, ya gudu ya nufi Kustantiniyya, mutanen wani ƙauye suka kashe shi a hanya ranar 17 ga Fabrairu 1411.

Daga nan maganin ya zama cuta. Musa ya zauna Edirne, ya buga kuɗi da sunan kansa, alkawari ya bi ruwa. Muhammad ya kawar da wa mai son hutu, ya samu ƙane mai zafin nama riƙe da rundunar nan dai da ta gagare shi.

Tsallakawa uku, 1411 zuwa 1413

Musa ya yi mulki irin na mahaifinsu. Ya soke rangwamen da Sulaiman ya yi wa Kiristoci, ya auka wa Sabiya, ya kai hari Tasalonika, ya yi wa Kustantiniyya ƙawanya a 1411. A cikin gida ya ɗaukaka bayinsa da ƙananan mutane, ya sa ido a kan dukiyar manyan iyaka. Ya naɗa Mihaloglu Muhammad shugaban rundunar Rumeli, ya ba Shehu Badaruddin, masanin fiƙihun Hanafiyya da ya yi karatu a Alƙahira har ya koyar da ɗan Sultan Barƙuƙ na Masar, muƙamin alƙalin runduna. Cikin shekara guda ya tara maƙiya a kowace kusurwa. Candarli Ibrahim, wanda ya aika Kustantiniyya karɓar haraji, bai dawo ba, ya zarce Bursa wurin Muhammad.

Sarkin Rum Manuwel na Biyu ya ga ba shi da mafita sai Muhammad. Suka yi yarjejeniya, jiragen Rumawa suka tsallakar da rundunar Anatoliya. A Injegiz, yamma da Kustantiniyya, aka yi karon farko. Bayin Musa suka tsaya kyam, aka ji wa Muhammad rauni, ya sha da ƙyar ya faɗa cikin birnin Manuwel, aka mayar da shi Asiya. Ya sake tsallakowa a ƙarshen 1412, ruwan sama da cikar koguna suka tare hanya, ya koma ba abin da ya ƙulla.

Kafin tafiya ta uku ya canja tsari gaba ɗaya. Sau biyu yana zuwa da rundunar Anatoliya don ta kara da ta Rumeli, sau biyu yana komawa. Wannan karo ya fara da wasiƙu da manzanni. Ya daidaita da Stefan Lazarebic, ya samu alkawarin Ebrenos da Pasha Yigit na Uskub da wasu sarakunan iyaka, surukansa na Dulkadir kuma suka turo mahaya. Da ya tsallaka a 1413 ya isa Edirne, mutanen gari suka ƙi buɗe ƙofa, suka ce a je a gama da Musa tukuna, wanda ya yi nasara su nasa ne. Bai ɓata lokaci a kan ganuwar ba. Ya ƙi yarda a ja shi babban yaƙi, ya yi ta tafiya arewa maso yamma har ƙasar Sabiya, inda ya haɗu da Stefan da sauran. Kowane zango rundunarsa na ƙaruwa, ta Musa na zubewa.

Ranar 5 ga Yuli 1413 aka haɗu a Camurlu, kudu da Sofiya a Bulgeriya ta yau. Sunan wurin na nufin mai taɓo. Musa ya yi faɗa da 'yan bayin da suka rage masa, aka raunata shi, aka kama shi yana gudu, aka shaƙe shi. Muhammad ya aika da gawar Bursa. Ya cika wa abokan tafiyarsa alkawari: Manuwel ya samu garuruwan da Musa ya ƙwace, Stefan ya samu ƙarin ƙasa. Mihaloglu aka tsare shi a Tokat. Shehu Badaruddin kuwa, saboda darajar ilminsa, aka kai shi Iznik da albashin akce 1,000, kuɗin azurfar daular, a wata. A 1414 aka kammala babban masallacin Edirne da ake kira Eski Jami, wanda Sulaiman ya aza harsashinsa, Musa ya ɗaga ginin.

Ciwon ya motsa, 1413 zuwa 1419

Tun Muhammad yana Turai sarkin Karaman ya zo ya yi wa Bursa ƙawanya ya ƙona unguwannin waje, Haji Iwaz Pasha ya riƙe ganuwar har maharan suka janye. Muhammad ya yi shekara biyu yana gyaran Anatoliya. Ya karɓi Izmir daga Junaid, wani mai wayon tsiya da ya bauta wa kusan kowane yarima ya kuma saɓa masa, amma maimakon ya kashe shi sai ya ba shi riƙon Nikopolis. Ya kai yaƙi har Konya, ya karɓo garuruwa irin su Akshehir da Beyshehir, ya bar gidan Karaman a kan gadonsu. Germiyan ma bai taɓa ta ba. Duk inda haɗiye masarauta zai iya jawo fushin Shah Rukh, ɗan Taimur da ke mulki a Herat, sai ya tsaya a kan caffa.

Shekarar 1416 ce ta gwada ɗinkin. Ranar 29 ga Mayu jiragen Benis ƙarƙashin Pietro Loredan suka ragargaza jiragen yaƙin Usmaniyya a Gelibolu. A lokacin kuma wani mutum ya ɓullo a Walakiya yana cewa shi ne Mustafa ɗan Bayazid, wanda aka tafi da shi Samarƙand. Fadar Muhammad ta sa masa suna Mustafan jabu, amma Mirca ya karɓe shi, Junaid ya bar Nikopolis ya bi shi. Muhammad ya fatattake su, suka fake a Tasalonika. Manuwel ya ƙi miƙa su. Aka daidaita cewa zai tsare Mustafa a tsibirin Limnos muddin Muhammad na raye, Muhammad kuma zai riƙa biyan kuɗin tsaron duk shekara.

Rikici na ukun ya fi haɗari don daga ƙasa ya taso. A yankin Karaburun kusa da Izmir wani almajirin Badaruddin, Borkluje Mustafa, ya tara talakawa da makiyaya yana wa'azin a haɗa dukiya a ci tare, a kuma ɗauki Kirista ɗan'uwa. Ya karya runduna biyu da aka tura masa. Sai da Bayazid Pasha ya zo da babbar runduna, tare da yarima Murad, ɗan Muhammad, yana yaro, aka murƙushe su da kisa mai yawa. Wani almajirin, Torlak Kamal, aka rataye shi a Manisa. Shehun da kansa ya sulale daga Iznik, ya bi hanyar da Musa ya bi, Sinop zuwa Walakiya, ya shiga dajin Deliorman. Akasarin waɗanda suka taru gare shi mutanen da suka samu muƙami da ƙasa ne a zamanin Musa suka rasa bayan Camurlu. Aka kama shi, malamai suka yi zama a kansa a gaban sarki, aka ba da fatawar cewa jininsa ya halatta amma dukiyarsa ba ta halatta ba, aka rataye shi a kasuwar Serez.

A wannan tsakani ne Shah Rukh ya rubuto yana zargin Muhammad da kashe 'yan'uwansa saɓanin al'adar gidajen sarautar Turkawa da Mongol. Amsar da aka mayar cikin ladabi ita ce mulki ba ya karɓar rabo, kuma rabon ne ya ba maƙiya damar karɓe garuruwan Musulmi. Zuwa 1419 Walakiya na biyan haraji, Abloniya a gaɓar Albaniya ta shiga hannu, an yi sulhu da Benis, ana kuma gina Koren Masallaci a Bursa ƙarƙashin kulawar Haji Iwaz Pasha.

Rasuwa da abin da ya biyo baya, 1421 zuwa 1423

Muhammad ya rasu a Edirne a Mayu 1421, bai kai shekara 40 ba. Wazirai suka ɓoye rasuwar kimanin kwana 40 har Murad, mai shekara 17, ya iso Bursa daga Amasya. Kafin Muhammad ya cika ya tsara cewa Murad ya gaje shi, ƙananan 'ya'yansa biyu, Yusuf da Mahmud, a ba Sarkin Rum amanarsu don kada a kashe su. Wazirai suka ƙi miƙa yaran. Rumawa suka saki Mustafa da Junaid, Rumeli ta bi Mustafa, aka kashe Bayazid Pasha. Murad ya fito da Mihaloglu daga kurkukun Tokat don ya janyo mahara, Junaid ya sake sauya sheƙa, rundunar Mustafa ta narke a Ulubad, aka rataye shi a Edirne a 1422. Ƙanin Murad, wani Mustafan, yaro ɗan kimanin shekara 13, shi ma aka ɗaga shi a Anatoliya, aka kashe shi a 1423. Wannan zagaye bai kai shekara biyu ba, kuma daular ba ta tsage ba.

Abin da ya ci, abin da bai ci ba

Idan aka jera gwaje-gwajen, ƙarfin takobi shi ya fi ba Muhammad kunya. Ya ci Isa, wanda ba shi da tushe, amma bai taɓa cin rundunar Rumeli ba alhali tana haɗe. Ya kauce wa Sulaiman, Musa ya kore shi a Injegiz. Camurlu kanta an gama ta a wasiƙu kafin a hau doki. Tayin rabo bai yi aiki ba don babu yariman da ya yarda rabin zai tsira a hannunsa. Tura Musa kuwa, wanda ake yawan yaba wa a matsayin gwaninta, a ganina caca ce da ta kusa cinye mai yin ta. Da Musa ya iya zama da manyan iyaka na shekara biyu kacal, da wuya Muhammad ya sake taka Turai.

Abin da ya ci shi ne yadda ya mai da kansa ɗan Bayazid da masu ƙarfi suka fi samun kwanciyar hankali da shi. Sulaiman ya faranta wa Kiristoci ya ɓata wa mahara. Musa ya faranta wa mahara ya ɓata wa manya da Kiristoci duka. Muhammad ya yi wa kowane ɓangare alkawari daidai gwargwado, kuma an gan shi yana cikawa tun daga shugabannin makiyayan Tokat har zuwa Manuwel. Wanda ya sauya sheƙa zuwa gare shi ya san zai kwana da kansa da ƙasarsa. Wannan hali na da tsadarsa, don Junaid da Badaruddin duk sun ci moriyarsa sun dawo sun yaƙe shi, amma ribar ta fi asarar. Ga kuma Amasya: sau uku yana komawa gida a karye, bai taɓa tarar da ƙofa a rufe ba, abin da Isa da Sulaiman da Musa duk ba su samu ba a ranar da suka fi bukata.

Laƙabin da Turkawa ke ba shi na wanda ya kafa daular a karo na biyu ya dace, amma akwai abin da ya tarar an riga an yi masa. Dubban barade na riƙe da timar, wato ƙasar da sarki ke ba mutum ya ci harajinta ya fito yaƙi da doki da makami, kuma takardar kowannensu ba ta da daraja sai da sarki ɗaya da daftari ɗaya da za su tabbatar da ita. Bayin sarki ma ba su da wata makoma in babu gidan Usman. Shi ya sa a shekara 11 na rikici manyan Rumeli suka yi ta sauya yarima, amma ba wanda ya nemi gadon don kansa. Amsar mutanen Edirne a 1413 ita ce matsayin yawancin daular. Sa'a ma ta taka rawa: Taimur ya tafi bai dawo ba, Kiristocin Turai kuma ba su haɗa runduna ba a lokacin da ƙofa ke buɗe, Hangari da Benis na can suna rigima kan gaɓar Dalmashiya.

Tushen ciwon kuwa, wato rashin dokar gado, Muhammad bai taɓa shi ba. Mutumin da aka rubuta wa Shah Rukh da sunansa cewa mulki ba ya rabuwa, shi ne ya nemi ɓoye 'ya'yansa a hannun Sarkin Rum don ya san abin da ke jiran su. Jikansa Muhammad na Biyu, wanda ya ci Kustantiniyya a 1453, shekara 40 bayan Camurlu, ya shigar da maganar cikin kundin dokokinsa: duk ɗan da sarauta ta faɗa wa, ya halatta ya kashe 'yan'uwansa domin zaman lafiyar duniya. A 1595 Muhammad na Uku ya yi aiki da ita a kan 'yan'uwansa maza 19.